Idan Taurin Kan Yaro Ya Wuce Ƙuruciya

A daren Juma'a, 11 ga Disamba 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗalibai daji a ƙafa. Kwana shida bayan haka aka sako yara 344. Duniya ta ga hotunansu, ƙafa ba takalmi, jiki duk ƙura, daga nan 'yan jarida suka tattara kayansu suka kama gabansu. Akwai dubban yara da ba a ɗauki hotonsu ba: 'ya'yan Ketare da ƙauyukanta, na Faskari, na Sabuwa, waɗanda suka balaga a shekarun kwanan zullumi. Sun ga an sayar da shanun noma don biyan kuɗin fansa, sun ga an rufe makarantar kwana da kasuwar mako, har layin waya aka katse musu a 2021. Su ne samari da 'yan matan gari a yau. A gidaje da yawa kuma kukan iri ɗaya ne: yaron nan ya fi ƙarfina, yarinyar nan ban san abin da ya shiga kanta ba.

Galibi ba abin da ya shiga kanta sai ƙuruciya. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki ya sa shi auna abu kafin ya aikata, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Saboda haka ɗan shekara 15 ya yi fushi, ya yi gardama da mahaifinsa, ya fi son majalisar abokai a kan zaman gida, duk wannan ba ciwo ba ne. Wanda ya manta nasa zamanin ya tambayi gwaggonsa.

Sai dai akwai wani kaso na matasa da abin nasu ya wuce nan. Likitocin ƙwaƙwalwa na kiran matsalar larurar ɗabi'a, wato yadda mutum ke kallon kansa, yadda zuciyarsa ke motsawa da yadda yake mu'amala da jama'a su karkace, su kafe a haka, har su riƙa cutar da shi da na kusa da shi. Wannan ba hauka ba ce. Yaron ya san sunansa, ya san hanya, yana iya lissafin kuɗi fiye da kai. Abin da ya gagare shi shi ne riƙe zuciyarsa da riƙe zumunci. Sabon kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 11 da ya fara aiki a Janairun 2022, ya rage yawan sunayen da ake laƙaba wa larurar, ya koma auna nauyinta: mai sauƙi ce, matsakaiciya ce, ko mai tsanani. Ya kuma ce a ga halin ya daɗe, kamar shekara biyu ko fiye. Kundin likitocin Amurka na 2013 ya yarda a tabbatar da ita ga wanda bai kai 18 ba, in dai alamun sun shekara suna nan.

Uwa ba ta buƙatar kundi kafin ta yi wa kanta tambayoyi uku. Halin ya daɗe, ko kuwa jiya ya fara? A ko'ina yake yi, gida da islamiyya da boko da wurin sana'a, ko a gaban mutum ɗaya kawai? Yaron da sai a ɗakin kishiyar uwarsa yake rashin kunya, amma malaminsa na yabonsa, matsalarsa na cikin gidan, ba cikin ƙwaƙwalwarsa ba. Ta uku, halin na rusa masa rayuwa? An kore shi daga makaranta, maigidansa a gareji ya sallame shi, ba shi da abokin da suka yi wata uku ba su ɓata ba?

Nau'in da aka fi bincike a kan matasa shi ne na zuciya marar tsayawa wuri ɗaya. A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara 16. Da safe ƙawarta ce rayuwarta, da la'asar ta zama babbar maƙiyiyarta saboda ta wuce ba ta gaishe ta ba. Tsoron a guje ta yana cin ta, har takan yi abin da zai sa a guje ta ɗin. Fushinta na tashi cikin ƙiftawar ido, ya kai ga fasa kwano, bayan awa ɗaya tana kuka tana cewa ita ba ta da amfani a duniya. Takan ce cikinta wayam yake, ba ta san ko ita wace ce ba. Wani lokaci a ga tabon reza a damtsenta ko cinyarta, inda hijabi da zane suka rufe. Nan ne iyaye suka fi kuskure, don sukan ce neman suna take yi, ko so take a lallashe ta. Yawancin masu yankan jikinsu suna yi ne don zafin fata ya danne zafin zuciya na ɗan lokaci. Kuma duk matashin da ya ce gara ya mutu ya huta, a ɗauki maganarsa da gaske ko da ya faɗa sau goma a baya. Masu wannan larura na cikin waɗanda suka fi shiga haɗarin kashe kansu.

Akwai kuma yaron da ƙarya, sata, cin zalin ƙanana, azabtar da dabba da rashin nadama suka zame masa jiki tun kafin ya kai 15. Likita ba ya yanke masa hukuncin larurar ƙin bin doka sai ya cika 18. Kafin nan matsalar tarbiyya mai tsanani ake kiranta, domin da yawa suna gyaruwa in an tare su da wuri. A yankin da bindiga ke yawo, kuma masu ita ke neman yaran aike da masu kai rahoto, barin irin wannan yaro ya bi iska ba asarar gidansu kaɗai ba ce. Sannan akwai wanda ba a lura da shi sam, mai tsananin gudun mutane saboda tsoron a kushe shi, ko mai zargin kowa da mugun nufi. Shi ba ya damun kowa, don haka ake ce masa mai kunya har ya tsufa a ɗaki.

Yanzu ga gargaɗin da ya fi muhimmanci ga mutanen Ketare, Faskari da Sabuwa. Abubuwa da dama suna kama da wannan larura alhali ba ita ba ce, kuma na farkonsu firgici ne. Yaron da aka harbe mahaifinsa a gabansa, ko ya yi makonni a hannun masu garkuwa, ko yarinyar da aka yi wa abin da ba ta iya faɗa, za su iya komawa masu saurin fushi, marasa barci, masu zabura da ƙarar babur, masu ƙin yarda da kowa. Idan yaro lafiyarsa ƙalau har zuwa wata rana sananniya, daga ranar kuma ya juye, to abin da ya same shi za a fara tambaya, ba halinsa ba. Gaskiya ne cewa duka, cin zarafi da rashin kulawa tun yarinta suna cikin abubuwan da ke share wa larurar ɗabi'a hanya, tare da abin da mutum ya gada a jini. Amma ciwon firgici daban ne, maganinsa daban ne, kuma yana warkewa.

Na biyu ƙwaya. Tramol, wiwi, sholisho da kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, kowannensu na iya mayar da yaro mai ladabi ya zama wani mutum. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta masu shaye-shaye a Najeriya da miliyan 14.3. Sau da yawa kuma shan da larurar tare suke tafiya, yaro na sha don ya kashe abin da ke cin sa. Ciwon damuwa ma a matashi yakan fito a sigar fushi maimakon kuka. Ga farfaɗiya, wadda wani nau'inta ba ya kayar da mutum ƙasa, ga ciwon da ke sa a ji muryoyi. Babu mai iya rarrabe waɗannan da ido, ko malamin makaranta, ko mai kemis, ko wanda ya kalli bidiyo biyu a TikTok ya fara raba wa 'yan uwansa sunayen cututtuka.

Me muke yi a gida in abin ya taso? Mukan fara da bulala. In ba ta yi ba a ce aljanu ne ko sammu, a zargi kishiya ko maƙwabciya, zumuncin shekara talatin ya mutu. Addu'a da ruƙiyya ba su taɓa hana zuwa asibiti ba, malamai na ƙwarai ma su ke cewa a je. Wanda za a guje wa shi ne mai dukan yarinya da sunan dukan aljani, ko mai turara mata hayaƙin barkono. In mace ce, sai a ce a yi mata aure ta natsu. Yarinyar da ta kasa zama lafiya da uwar da ta haife ta, an kai ta gaban miji da uwar miji da faccaloli. Wata shida ta dawo da saki, wataƙila da ciki, da sabon suna na marar zaman aure. In namiji ne, a tura shi cirani ko a kai shi gidan mari. Mutanen Katsina ba sa buƙatar a ba su labarin gidan mari. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa, a watan da ya biyo baya aka bankaɗo irinsa a Daura da cikin birnin Katsina. Iyaye ne suka kai yawancinsu da hannunsu, suna biyan kuɗi, da kyakkyawar niyya. Sarƙa na iya sa yaro ya yi shiru, amma ba ta koya masa abin da zai yi da fushinsa ranar da aka kwance shi.

Hausawa na cewa hali zanen dutse, likitocin Turai ma sun daɗe suna ganin wannan larura ba ta da magani. Bincike ya ƙaryata su. Mary Zanarini ta asibitin McLean a Amurka ta bi diddigin majinyata 290 masu nau'in zuciya marar tsayawa, shekara bayan shekara, ta tarar cikin shekara goma mafi yawansu alamun sun lafa har ba a iya kiransu masu larurar. Abin da ya fi wuyar dawowa shi ne karatun da aka rasa da sana'ar da ba a koya ba, shi ya sa tarar abin da wuri ke da daraja. A Melbourne ta Ostireliya, Andrew Chanen da abokan aikinsa sun gina shiri na musamman don matasa a kan wannan fahimta.

Maganin kuwa ba allura ba ce. Babu ƙwayar da aka yi domin larurar ɗabi'a. Likita kan ba da magani ne don abin da ya raka ta, kamar damuwa ko rashin barci. Ginshiƙin jinya zama ne da ƙwararre, mako bayan mako. Hanyar da ta fi shahara, DBT, Marsha Linehan ta Jami'ar Washington ce ta tsara ta, ita kanta kuma ta bayyana a 2011 cewa ta sha wannan wahala tana budurwa. Ana koya wa matashi ya gane fushi tun yana tasowa, ya jure mintunan da zuciya ke tafasa ba tare da ya yanki kansa ko ya fasa abu ba, ya nemi haƙƙinsa da baki ba da rigima ba. A tsarin matasa har iyaye ake zaunarwa a koya musu nasu.

Nasun kuma ba ya cin kuɗi. A saurari yaro har ya gama kafin a yanke hukunci. Cewa “na ga abin ya yi miki zafi” ba yarda ba ce da fasa kwanon da ta yi. Dokar gida ta zama kaɗan, sananniya, wadda ba ta canzawa da yanayin fuskar maigida, kuma uwa da uba su zama baki ɗaya a kanta. Kada a yi nasiha ana tsakiyar faɗa, a bari sai an huce. A daina gori a gaban ƙanne da baƙi. Kunyar ɗan fari kan hana wasu iyaye zama da ɗansu, to a nemo kawu, gwaggo, kaka ko malamin da yaron ke sakin jiki da shi, mutum ɗaya tsayayye wanda ba zai gaji ba. A bar shi a makaranta ko wurin koyon sana'a ko da yana tangal-tangal. Sannan tunda gidajen manoma ne, maganin feshi, fiya-fiya da shinkafar ɓera su koma ƙarƙashin kwaɗo, makullin a aljihun babba.

Ba za a ɓoye ba, ƙwararru sun yi ƙaranci. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum fiye da miliyan 200, kuma a manyan birane suke. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu aka bayyana a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba majinyaci haƙƙin a mutunta shi a kuma ɓoye sirrinsa, sai dai doka a takarda ba ta kawo likita ƙauye. Duk da haka hanya na nan. A fara da babban asibitin Ƙanƙara, Funtuwa ko Malumfashi, a nemi takardar turawa. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, wanda ya fi kusa da mutanen Sabuwa da Faskari, da na Malam Aminu Kano duk suna ganin masu matsalar ƙwaƙwalwa. Akwai kuma asibitocin da aikinsu ke nan kacokan: Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato.

Ranar tafiya, a tafi da wanda ya fi sanin yaron tun yana goye, a riƙo duk maganin da yake sha, na asibiti da na gargajiya. A faɗa wa likita yaushe abin ya fara da abin da ya faru a gidan ko a garin a lokacin, har wanda ake jin nauyin faɗa, a kuma bar yaron ya gana da likitan shi kaɗai. In kuwa ya sha wani abu, ko ya ji wa kansa rauni mai zurfi, ko ya fara bayyana yadda zai kashe kansa, ba a jiran ranar asibitin ƙwararru. A kai shi asibiti mafi kusa nan take da kwalbar abin da ya sha, kada a ɗura masa manja ko madara don ya yi amai, kuma kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki.