Zauren Mai Unguwa ko Gaban Alƙali?

Kwatar maƙwabci ta ɓalle tana jiƙa gindin katangarka, ga damina ta matso. Ko tela ya karɓi shadda da kuɗin ɗinki, har Salla ta wuce bai kawo ba. Wanda aka cuta haka hanya biyu ce a gabansa: sulhu ko ƙara.

Sulhu ya fi sauri, ya fi arha. Mai unguwa zai aika a kira ku bayan la'asar, liman da dattawa su zauna, kowa ya faɗi ta bakinsa. Sun san katangar, sun san wanda ya gina ta. Kotu kuwa sai an yanki sammaci, an nemo shaidu, an ɗage zama an sake ɗagewa, mutum ya rufe shago yana zirga-zirga har kuɗin mota ya haura na shaddar. Kuma wanda ka sa aka kai wa sammaci, da shi za ka tsaya a sahu da asuba.

Sai dai zaure ma yana da rauni, kuma ba ƙarami ba. "Yi haƙuri, a bar wa Allah", galibi mai ƙaramin ƙarfi ake faɗa wa. Matar da mijinta ya rasu, 'yan'uwansa suka riƙe gonar marayunta, wa zai tsaya mata idan masu sulhun abokan zaman surukanta ne? Abin da aka yanke da baki yana iya bin dattawan kabari. Alƙali kuwa zai nemi hujja daga mai da'awa, rantsuwa daga wanda ya musa, ya rubuta hukunci, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara.

Kowane ɓangare ya fara aron abin da ya rasa. A Nijar doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasantawa, a kuma rubuta takardar sulhu. Legas a 2018, sai Kano a 2019, sun buɗe kotunan ƙananan basussuka, inda ake son kammala shari'a cikin kwana 60, ba lallai da lauya ba.

A ganina, kwata da shadda na zaure ne. Gado, fili, da bashin da aka yi ta saɓa alkawarinsa bayan dattawa sun sa baki, waɗannan na alƙali ne. Uwar marayun nan idan ta kai ƙara, masu sulhu su raka ta su ba da shaida.