Gilashin Da Ke Ruɗin Masu Ƙidayar Taurari

Zancenmu na yau game da ƙidaya ne, amma ƙidayar gungun taurari, watau abin da Turawa ke kira galaksi. Kowane gungu ɗaya yana ƙunshe da taurari miliyoyi ko biliyoyi, masana kuwa suna ƙirga su don su san yadda aka shimfiɗa sararin samaniya, da yadda yake ta faɗaɗa. To, ashe akwai wani abu da ke yi wa lissafin nan zamba.

Asalin maganar daga Albert Einstein ne. A shekarar 1915 ya nuna cewa abu mai nauyi yakan lanƙwasa hasken da ya gifta kusa da shi. Aka gwada wannan a maƙwabtan Nijeriya, a tsibirin Firinsife da ke tekun Gini. Ran 29 ga Mayu, 1919, aka yi kusufin rana, wani masani ɗan Ingila, Arthur Eddington, ya ɗauki hoton taurarin da suka bayyana a gefenta, ko da yake gizagizai sun kusa ɓata masa aikin. Aka tarar taurarin sun ɗan gusa daga mazauninsu. Gusawar ba ta da yawa, a bakin rana wajen kashi 1 ne cikin 2,000 na digiri guda, amma ta isa shaida.

Tun da haka ne, gungun taurari na kusa yana iya zama kamar gilashin tabarau ga wanda ke can bayansa. Fritz Zwicky ya faɗi haka tun 1937, ba a kuwa gani da ido ba sai 1979, lokacin da aka hango wani abu mai tsananin haske, kwezar sunansa, ya fito biyu alhali guda ne.

Ga inda ƙidaya ke rikicewa. A ce mutum ya hau ɗaya daga duwatsun Makka da dare, yana ƙirga fitilun unguwar Zahir. Masu haske sosai zai gan su, masu dishi-dishi kuwa su ɓace masa. Sai aka miƙo masa gilashi mai ƙara girman abu. Nan da nan waɗansu fitilun da dā ba ya gani za su fito, adadi ya ƙaru. Amma gilashin nan bai bar filin da ke tsakanin fitilun ba, shi ma ya buɗa shi, har waɗansu suka fice daga inda yake duba, adadi ya ragu. Ga ƙari, ga ragi, duk daga gilashi ɗaya. Wanda zai rinjaya ya danganta ga yawan fitilun da ke dab da ganuwa. In suna da yawa, ƙari ya ci. In kaɗan ne, ragi ya ci.

Haka ainihi aka samu a sama. A 2005 masu binciken Sloan, da madubin hangen nesa mai faɗin mita 2.5 a jihar New Mexico ta Amurka, suka gwama kwezar wajen 200,000 da gungun taurari miliyan 13 da ke gabansu. Kwezar masu haske suka fi yawa a bayan inda gungu suka taru, marasa haske kuwa suka ragu a wurin.

Illar abin ita ce, yakan sa a ga kamar gungu na nesa suna cunkushe kusa da na kusa, alhali tsakaninsu tafiyar haske ce ta shekaru biliyoyi. Dā kuskuren bai dami kowa ba, gama ƙanƙane ne ƙwarai. Yanzu fa ba haka ba. Madubin Euclid, wanda hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba a watan Yuli 2023, an shirya shi ya duba wajen sulusin sama, ya ƙirga gungu fiye da biliyan guda. A ƙidaya irin wannan, ɗan karkata kaɗan sai ta gurɓata amsar yawan abin da ke cikin samaniya da saurin faɗaɗarta, saboda haka dole a sa ta cikin lissafi.

Abin sha'awa, kuskuren nan kansa ya zama ma'auni. Yawancin nauyin da ke lanƙwasa hasken na wani abu ne ɓoyayye wanda ba ya haske, ba ya ganuwa ko da wane irin madubi. Da aka auna yawan ƙari da ragin da gilashin ya jawo, sai a gane nauyin abin nan da inda ya taru.