Rake da Man Fetur: Labarin Tattalin Arzikin Kyuba

Kyuba tsibiri ne a tekun Karibiyan, kimanin kilomita 150 daga gaɓar Amurka. Tun zamanin mulkin Sifaniya rake ne abincinta, kuma Amurka ce babbar kasuwar sukarinta. Bayan juyin juya halin Fidel Castro a 1959, gwamnati ta ƙwace gonaki da masana'antun kamfanonin Amurka, ita kuwa Amurka ta ƙaƙaba mata takunkumin ciniki, wanda ya kammala a 1962.

Da wannan ƙofa ta rufe, sai Tarayyar Sobiyet ta buɗe tata. Tana sayen sukarin Kyuba da tsada fiye da farashin kasuwar duniya, tana kuma ba ta man fetur, takin zamani, hatsi da injuna cikin sauƙi. A 1970 Castro ya ɗaura ɗamarar samar da tan miliyan 10 na sukari. Aka kwashi ɗalibai da ma'aikata zuwa gona, amma aka tsaya a kan tan miliyan 8.5.

A nan ɗalibi zai lura da yadda noman rake ya rataya a wuyan mai. Rake idan an sare shi, zaƙinsa yakan fara raguwa cikin kwana ɗaya ko biyu, don haka tilas a kai shi matsewa da gaggawa. Ke nan sai da motoci, jiragen ƙasa da tarakta, dukkansu kuwa mai suke sha.

Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, Kyuba ta rasa fiye da kashi huɗu cikin biyar na cinikinta na waje. Tsakanin 1989 da 1993 arzikin ƙasar ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Shanu suka maye gurbin tarakta, aka shigo da kekuna daga Sin, mutanen Habana suka shiga noman kayan lambu a filayen cikin gari da takin gargajiya.

Gwamnati ta nemi mafita. A 1993 ta halatta amfani da dalar Amurka, ta buɗe ƙofa ga masu yawon buɗe ido, ta faɗaɗa haƙar ƙarfen nikel a Mowa. Daga 2000 ta shiga tura likitoci Benezuwela tana karɓar mai. A 2002 aka rufe kusan rabin masana'antun sukari 156, kuma a 2022 abin da aka samu bai kai tan rabin miliyan ba. A watan Oktoban 2024 wutar lantarki ta ɗauke a ɗaukacin tsibirin.

Darasin da ke nan shi ne, ƙasar da ta dogara da haja guda da mai saye guda, farashin abincin 'ya'yanta yana hannun wani. Ya kamata malamai su sa ɗalibai su auna wannan da yadda Nijeriya ta dogara da ɗanyen mai.