Wasan Ƙaga Labari, Da Yadda Muka Gwada Shi

Kwanan baya wata malama da muka yi kwalejin horon malamai tare ta kira mu, mu huɗu, domin mu gwada wani wasa da ta ƙago, sa'an nan mu gaya mata inda ya yi da inda bai yi ba.

Irin wasan nan daga Amurka ya yaɗu. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da Dungeons & Dragons, inda akan zauna kewaye da tebur, kowa ya zama wani mutum cikin labari, a jefa ɗan ludo a ga abin da ya same shi. Ita kuwa malamar ta yi koyi ne da The Quiet Year na Avery Alder daga Kanada, wanda ya fito a 2013. Shi wannan ba shi da shugaba. Karta 52 ake jawowa, kowace mako guda ce, ana zana taswirar gari ana ƙaga abin da ya auku. Kada ku ji karta ku tsorata, ba caca ba ce, ko anini ba a sawa. Watau kamar tatsuniya ce, sai dai kowa da bakinsa a ciki.

Nata wasan labarin wani ƙauye ne da rijiyarsa ke ƙafewa. Ka ja takarda, ta tambaye ka, "Wa ya saci guga?" sai ka ƙaga amsa. Da fari mun sha dariya. Amma fa wata a cikinmu Allah ya yi ta da surutu, ta riƙe labarin duka, ta naɗa sarki, ta tuɓe shi, ta aurar da 'yarsa. Ƙanwata 'yar makaranta kuwa, sa'a biyu ba ta ce uffan ba.

Da aka gama, malama ta ce, "To, yaya kuka gani?" Kowa ya ce madalla. Ni ma har na buɗe baki zan ce haka, gama na san daren da ta raba tana rubuta takardun nan, kuma ina tsoron ɓata zumunci. Sai na dubi ƙanwata. Na ce, "Malama, tambayoyinki sun yi kyau ƙwarai, amma yarinyar nan ba ta sami magana ba, don ba ki sa dokar da za ta hana mai baki cinye wasan ba."

Ta yi shiru, fuskarta ta sake. Can ta ɗauki fensir ta rubuta.

Ran Asabar muka koma, muka tarar ta ajiye ludayi bisa tebur. Ba mai magana sai wadda ke riƙe da shi, in ta yi jimla uku ta miƙa gaba. Da ya zo hannun ƙanwata, ta ce ai ba wanda ya saci gugan, wata tsohuwa ce ta ɓoye shi don kada a ƙarar da ruwan kafin damina. Mai surutun nan ta miƙo hannu, malama ta ce, "A'a, ba layinki ba ne tukuna."