Ruwan da ya kwana a ciki: yadda hunturu ke fasa injin jirgin ruwa a Amurka

A jihar Minesota da ke arewacin Amurka, watan Oktoba wata ne na fitar da jirage daga ruwa. Jihar tana da tafkuna fiye da 11,000 da ƙananan jiragen ruwa masu rajista sama da 800,000, wasu na kamun kifi, wasu na shaƙatawa. Kafin shekara ta ƙare tafkunan nan sun daskare, a tsakiyar hunturu kuwa har mota ake hawa kansu da ita, a huda rami a ƙanƙarar a jefa ƙugiya. Ranar 2 ga Fabrairun 1996 an auna sanyin da ya kai digiri 51 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos kusa da garin Tower. Duk mai jirgi a irin wannan wuri ya san jirginsa zai yi wata biyar ko shida a ajiye, a bayan gida ko a ƙarƙashin rumfa, ya kuma san cewa aikin da ya yi wa injin a yini ɗaya na kaka shi zai nuna ko zai tarar da inji a bazara, ko tarkacen ƙarfe.

Tushen matsalar wata ɗabi'a ce ta ruwa. Galibin abubuwa tsukewa suke yi idan sun daskare, shi kuwa ruwa kumbura yake yi, ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100. Wanda ya taɓa manta kwalbar lemo a firiza ya ga aikin da idonsa. Bulok ɗin injin jirgi galibi ƙarfen zubi ne, mai ƙarfi amma marar lanƙwasa, a cikinsa kuma akwai hanyoyi da lungu-lungu da ruwa ke zagayawa yana ɗauke zafi. Idan ruwa ya kwana a lungu ɗaya, sanyi ya kama shi, ƙanƙarar ba ta da wajen zuwa sai ta tura bango. Ƙarfen ya tsage. Wani lokaci tsagar a waje take, a ga layin tsatsa ya gangaro a gefen bulok. Wani lokaci a ciki take, ba mai ganinta sai an tayar da inji a bazara an zaro ma'aunin baƙin mai an tarar ya koma fari-fari kamar an dama shi da madara. Daga nan sai maganar sayen wani inji.

Akwai wasu 'yan marufai masu kama da kuɗin ƙarfe a jikin bulok, waɗanda mutane da yawa ke zaton an sa su ne don su fice idan ƙanƙara ta matsa, su ceci injin. Ba don haka aka yi su ba. Ramukan da suke toshewa na fitar da yashin zubi ne tun daga masana'anta. Sukan fice, gaskiya ne, amma sau da yawa bulok ɗin ya riga ya tsage a wani gefen.

Me ya sa mota ba ta shiga wannan halin, alhali ita ma a waje take kwana? Saboda ruwan motar a rufe yake, yana zagayawa tsakanin inji da lagireto, an kuma gauraya shi da maganin hana daskarewa tun farko. Jirgi ba shi da lagireto. Tafkin da yake kai shi ne lagiretonsa: famfo mai farfelar roba ya zuƙo ruwa daga ƙasa, ya tura shi cikin inji, ruwan ya fita ta salansa ya koma tafki. A wasu injunan ruwan tafkin ne da kansa ke ratsa bulok. A wasu kuma hanya biyu ce, akwai rufaffiyar hanya mai ruwan magani irin ta mota, sai ruwan tafki ya bi ta wani tulu mai siraran bututu ya sanyaya ta. Ko a wannan tsarin, tulun da famfon da bututun salansa cike suke da ruwa tsagwaronsa. Wanda ke da sauƙi shi ne injin da ake ratayawa a bayan jirgi, irin wanda masu kwale-kwale ke amfani da shi a Yawuri da Baga. Shi da kansa yake tsiyayar da ruwansa, muddin an bar shi a tsaye, ƙafarsa na kallon ƙasa. Idan aka ɗage shi aka bar shi a karkace, ruwan sama ma zai taru masa a gindin farfela.

Aikin farko, kuma mafi girma a ganina, shi ne tsiyayewa. A kowane gefen bulok akwai ƙusar magudana, haka a ƙarƙashin bututun salansa. Kamfanin MerCruiser mai ƙera injin jirgi yakan yi nasa da shuɗiyar roba don mutum ya gan su ya murɗe da hannu. Ga inda ake yin asara: a cire ƙusar, ruwa ya ɗan ɗiga sau biyu ya tsaya, mai jirgi ya ce an gama. Ba a gama ba. Yashin tafki da ɓarɓashin tsatsa ne suka toshe bakin ramin. Bakaniken da ya san aikinsa zai ɗauki guntuwar waya ya soka a ramin ya jujjuya, sai ka ga laka ta fara fitowa, bayanta kuma ruwa ya kwararo, jan ruwa mai tsatsa, har ya jiƙa masa hannun riga. Sannan ya kwance manyan tiyo daga ƙasa, ya girgiza su, domin duk inda tiyo ya yi lanƙwasa ruwa na kwance a wurin.

Bayan wannan ne ake maganar ruwan magani, nan ma akwai tarko. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce a cika bokiti da galan huɗu ko biyar, a haɗa tiyo, a tayar da inji ya zuƙe, a tsaya a baya ana kallon salansa. Da zarar ruwa mai launin hoda ya fara fitowa sai a kashe, rai ya kwanta. To amma a cikin injin akwai tamostat, wata 'yar ƙofa da ba ta buɗewa sai zafi ya kai wajen digiri 60 zuwa 70 da 'yan kai. Idan injin bai yi zafi ba ƙofar a rufe take, maganin sai ya bi ta gefe ya wuce salansa kai tsaye, bulok ɗin kuma na nan cike da ruwan tafki. Launin ya fito, injin bai sha ba. Shi ya sa masu lura ke tsiyaye bulok tukuna, wasu su cire tamostat ɗin gaba ɗaya, wasu kuma su kwance tiyo su ɗura maganin da mazurari.

Wane magani za a zuba? Iri biyu ne a kasuwa. Na farko etilin gilaikol, wanda ake sa wa motoci tun shekarun 1920. Aikinsa na da kyau: idan aka haɗa shi rabi da rabi da ruwa, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Abin mamaki, shi kaɗai ba tare da ruwa ba a wajen digiri 13 ƙasa da sifili yake daskarewa, don haka zuba shi zalla ba dabara ba ce. Aibinsa guba ne, ga shi da zaƙi-zaƙi, kare da kyanwa da yaro duk suna iya lasa. Hanta ce ke sarrafa shi ya koma wasu sinadarai masu tsami, a ƙarshe su zama ƙananan duwatsu da ke lalata ƙoda. Mu nan mun san dangin wannan guba ta hanya mai ciwo. Ɗan'uwansa dayetilin gilaikol ne aka samu a maganin haƙoran jarirai da ya kashe yara 84 a Najeriya tsakanin 2008 da 2009, a 2022 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an sami su biyun a wasu magungunan tari da aka danganta da mutuwar yara a Gambiya. A Amurka, a 2012 kamfanonin da ke yin sa suka amince su riƙa ƙara masa wani sinadari mai tsananin ɗaci don ya daina jan baki. Ɗacin bai cire gubar ba.

Na biyu furofilin gilaikol. Gubarsa kaɗan ce ƙwarai, har a kayan abinci da magunguna ana sa shi. Tunda duk abin da aka zuba a hanyar ruwan tafki zai fita ne ta salansa ranar da aka fara tayar da inji, sau da yawa a bakin tafkin da mutane ke iyo suna kama kifi, hukuncin a bayyane yake: furofilin ne na wannan hanyar. Etilin wurinsa rufaffiyar hanya, idan shi kamfanin injin ya ce a sa, in an zo canza shi kuma a tara a jarka a kai inda ake karɓar irinsa. Ko furofilin ɗin ma gara a tare shi a bokiti, domin ƙwayoyin halittar da ke narkar da shi a ruwa suna cinye iskar da kifi ke shaƙa.

Inda aka fi ruɗar mai saye shi ne lambar da ke jikin galan. Za ka ga an rubuta da manyan baƙaƙe 50 ƙasa da sifili, ko 60, ko 100. Da farko dai wannan ma'aunin Faranhait ne na Amurkawa: 50 ɗinsu wajen 46 ne a Salshiyos, 100 kuma wajen 73. Na biyu, lambar ba ta nufin sanyin da ruwan zai fara daskarewa. Tana nufin sanyin da zai sa ya kumbura har ya fasa bututun jan ƙarfe. Mai lamba 50 tun a wajen digiri 10 ƙasa da sifili a Salshiyos yake fara kauri yana yin tsaki-tsaki. Wannan kaurin ba laifi ba ne ga injin da ke ajiye, don bai da ƙarfin tura ƙarfe. Laifin yana zuwa ne daga sirki. Mai lamba 50 an riga an sirka shi tun daga kamfani, gilaikol ɗin da ke ciki bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, saura ruwa ne. Idan ya shiga inji ya tarar da lita biyu ko uku da ba a tsiyaye ba, an sake sirka sirkakke, lambar da ke jikin galan ta tashi daga aiki. Mai lamba 100 ya fi tsada, amma shi ke da rarar da zai haɗiye ragowar ruwa ya kuma tsaya da ƙafarsa. Araha ba ta ado. Ga mai jirgi a Minesota, mai lamba 50 na bututun ruwan sha ne da bayan gida na cikin jirgi, inji kuwa a ba shi mai 100.

Launi ma ba shaida ba ne. Rini ne kawai, kowane kamfani da nasa: hoda, shuɗi, kore, ruwan lemo. Akwai masu araha da ke cika galan da sinadarin barasa a maimakon gilaikol, wanda ke kama wuta, yana kuma busar da roba, farfelar famfo ta taurare ta tsattsage. Akwai kuma waɗanda ba su da sinadarin hana tsatsa, ga shi ƙarfen zai yi rabin shekara a jiƙe. Sai an juya galan an karanta ƙananan rubutun baya. Wanda ke son tabbaci ya tari ɗan abin da ke fitowa daga salansa ya ɗiga a kan gilashin wata 'yar na'ura da ke auna yadda haske ke karkata a cikin ruwa, ya ɗaga ta sama ya leƙa, zai ga layin da ke nuna ƙarfin maganin. Ma'aunin nan mai ƙwallaye da ake gwada ruwan mota da shi don etilin aka yi shi, ƙarya zai faɗa a kan furofilin.

Sauran ayyukan ba su da wuyar fahimta. A canza baƙin mai kafin ajiya, don tsohon na ɗauke da tsami da danshi. A zuba maganin hana lalacewa a tankin fetur, musamman da yake fetur ɗin Amurka galibi yana da kashi 10 cikin 100 na sinadarin etanol mai jan danshi. A fesa mai a cikin silinda. A duba man giya na ƙafar inji, in ya yi fari ruwa ya shiga, kuma shi ma zai daskare ya fasa gidan. A cika batir da caji, domin wanda ya mutu da ɗan sanyi kaɗan yake daskarewa.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne inda asarar ta fi yawa. Ƙungiyar masu jiragen ruwa ta BoatUS, wadda ke harkar inshora, ta daɗe tana faɗin cewa jihohi masu ɗumi irin su Tekzas suna cikin na gaba-gaba a ƙorafin fashewar inji saboda sanyi. Ɗan Minesota ya san abin da ke tafe, ba ya wasa. Ɗan kudu kuwa cewa yake sanyinsu bai kai ya kawo ba, sai ya bar ruwa a ciki, ko ya jingina da ɗan hita na lantarki a ɗakin inji. A tsakiyar Fabrairun 2021 sanyi ya sauka a Tekzas, a yankin Dallas ya kai digiri 19 ƙasa da sifili, wutar lantarki ta ɗauke wa miliyoyin mutane kwana da kwanaki, hitocin suka mutu tare da ita.

Mu da hunturunmu bai kai ga daskarar da inji ba, akwai abu ɗaya da ya shafe mu a nan. Ruwan maganin da ke zuwa a cikin motocin da ake shigo da su ba don ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba: yana hana tsatsa, yana kuma ɗaga zafin da ruwa ke tafasa zuwa wajen digiri 107. Direban da ya zubar da shi ya cika lagireto da ruwan rijiya ya rage wa injinsa kwana. Wanda kuma ya canza nasa a gareji, kada ya bar tsohon a buɗaɗɗiyar roba inda yara da awaki ke wucewa.