Wuraren da Jinyar Gyaran Tunani Ke Cijewa a Ƙasar Hausa, da Dabarun Warware Su

1. Gabatarwa

Akwai wata hanyar magance ciwon damuwa da fargaba wadda ba da ƙwaya ko allura a ke yinta ba, da magana a ke yi. Turawa suna taƙaita sunanta da haruffa uku, CBT, mu kuwa a wannan takarda za mu kira ta jinyar gyaran tunani da ɗabi'a. Wani likita Ba'amurke, Aaron Beck, na Jami'ar Pennsylvania, shi ya tsara ta a farkon shekarun 1960, a 1979 kuma shi da abokan aikinsa uku suka fitar da littafin da ya bayyana yadda a ke yinta ga masu ciwon damuwa.

Tushenta shi ne, abin da ya sami mutum ba shi kaɗai ke ɓata masa rai ba, har da fassarar da zuciyarsa ta yi wa abin. Mutum ya gai da maƙwabcinsa, bai amsa ba. In ya ce a ransa bai ji ba ne, shi ke nan. In kuwa ya ce raini ne, sai ya kwana da abin, gobe ya ƙi bin hanyar, jibi ya daina fita dandali. Aikin mai jinyar shi ne ya koya wa majinyaci kama irin wannan tunani, ya auna shi, ya kuma gwada wani aiki dabam ya ga abin da zai faru. Wannan ra'ayi ba baƙo ba ne ga malaman Musulunci. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi, da yadda a ke tunkuɗe mugun tunani da kyakkyawa.

Koyon ƙa'idodin ba shi da wuya. Wuyar tana wurin da majinyaci ya ƙi tafiya yadda littafi ya ce zai tafi. 'Yar Beck, Judith Beck, ta rubuta littafi sukutum a kan wannan a 2005. Abin da mu ke son nunawa shi ne, a ƙasar Hausa yawancin cijewar daga harshe da ladabi ta ke fitowa, saboda haka malaman Hausa da masu koyarwa a kwalejoji suna da hannu a cikin gyaranta. Ka'ida ɗaya ce za ta ratsa dukan bayanin: duk inda aiki ya cije, cijewar nan labari ce ta ke ba ma'aikaci, bai kamata ya ɗauke ta taurin kai ba.

2. Wurin da za mu ɗauki misali

Bari mu ajiye maganar a Yalwan Damai, cikin ƙasar Birnin Kudu, a kudancin Jihar Jigawa, inda ƙasar Birnin Kudu ke maƙwabtaka da ta Gwaram. Mutanen wannan yanki Hausawa ne da Fulani, manoma da makiyaya. A garin Birnin Kudu akwai babban asibitin Gwamnatin Tarayya da kwalejin koyon aikin jinya, amma asibitin masu taɓin hankali na jihar yana Kazaure, can arewa maso yamma. Watau wanda zai fara jin kukan mai damuwa a ƙauye, ma'aikacin ƙaramin asibiti ne ko ungozoma.

Kada a ce aikin ya fi ƙarfinsu. A ƙauyukan Rawalpindi ta ƙasar Pakistan an koya wa ma'aikatan lafiya mata wannan jinya, suka yi wa mata masu ciki da ke fama da damuwa. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna, wata shida bayan haihuwa, kashi 23 cikin ɗari ne ciwon bai sake su ba, alhali a cikin waɗanda ba a yi musu ba kashi 53 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga littafin koyar da shirin a 2015. Misalan da za su biyo baya ƙagaggu ne, domin bayani kawai.

3. Sunan ciwon

Cijewa ta farko tun daga bakin ƙofa ta ke. Bahaushe mai damuwa ba safai ya kan ce ransa ne ba lafiya ba. Sai ya ce kansa na ciwo, ko gabansa na faɗuwa, ko barci ya ƙaurace masa, ko wani abu na yawo a jikinsa. In ma'aikaci ya yi gaggawar ce masa ciwonka na ƙwaƙwalwa ne, abin da kunnensa zai ji shi ne hauka, kuma ba zai sake dawowa ba, gama sunan hauka ya kan hana 'ya'yan gida aure.

Dabara ita ce a shiga ta ƙofar da majinyaci ya buɗe. A auna jikinsa tukuna, don rashin jini da ciwon maƙoƙo suna iya kama da damuwa. Sa'an nan a tambaye shi, yaushe ne gaban ya fi faɗuwa, kuma me ke cikin ransa a lokacin. Kalmar da ta fi dacewa ita ce tunani, don a Hausa in an ce wane tunani ya yi masa yawa, kowa ya san abin da a ke nufi, ba kuwa abin kunya ba ne. A Harare ta ƙasar Zimbabuwe, shirin da Dixon Chibanda ya fara a 2006, inda tsofaffin mata ke sauraron masu damuwa a kan benci, da kalmar harshen Shona ya yi aiki, kufungisisa, ma'anarta kuwa yawan tunani.

4. Kunya, da kalmar "to"

A 1974 A. H. M. Kirk-Greene ya buga bayaninsa a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa halaye goma, a cikinsu har da kunya da ladabi da haƙuri. Waɗannan uku ado ne a zaman jama'a, amma a ɗakin jinya sai an san yadda za a bi da su. Jinyar ta dogara ga majinyaci ya faɗi abin da ke ransa, ya kuma musa wa ma'aikaci in ya ga ba daidai ba. Matar da ba ta kama sunan mijinta ko na ɗanta na fari, ba za ta zayyana ɓacin ranta a kansu ga baƙo a zama ɗaya ba. Ga Bafillatana ma abin ya fi tsanani.

Gwani ya kan bi ta bayan gida. Maimakon ya ce me ke damunki, sai ya ce, "Inna, akwai wata mata da aka yi wa kishiya, tun daga ranar ba ta ƙara barci sosai ba. A ganinki me ta ke faɗa wa kanta da dare?" Amsar da za ta bayar a kan waccan matar, sau da yawa tata ce. Wannan ba sabon abu ba ne ga Bahaushe, shi ne zancen da a ke yi da bango don ƙofa ta ji.

Kalmar "to" kuwa tarko ce. Ma'aikaci ya yi bayani, majinyaci ya ce to, ma'aikaci ya ɗauka an yarda, alhali ma'anarta na ji kawai. Maganinta shi ne a ce, "Malam, in ka koma gida uwargida ta tambaye ka abin da muka yi yau, me za ka gaya mata?" A nan ne za a ga abin da ya shiga. Haka nan a wajen auna ƙarfin tunani, littattafan Turawa kan ce a ba shi maki daga sifiri zuwa ɗari. Mutumin kasuwa ya fi sanin mudu: yardarka da wannan magana, cike ta ke, ko rabi, ko ta koma gindin mudu?

5. Aikin gida da ba a yi ba

Rabin jinyar a gida a ke yinta, tsakanin zama da zama. In majinyaci ya dawo bai yi abin da aka shirya ba, ma'aikaci sabon hannu ya kan yi ɗaya cikin biyu, ko ya yi faɗa, ko ya kau da kai. Duka kuskure ne. Abin yi shi ne a bincika dalili, dalilan kuwa iri uku ne.

Na farko, rashin hali. An ba shi takarda ya rubuta tunaninsa, shi kuwa ba ya boko. Mai ajami ya rubuta da ajami. Wanda ba ya ko ɗaya, ya sa ƙwayar wake a aljihu duk sa'ad da tunanin ya zo, da dare ya ƙidaya. A kuma ɗaura aikin a kan lokacin da ba ya wucewa, kamar bayan sallar la'asar. Na biyu, rashin fahimta, maganinsa a gwada aikin tare kafin a tashi. Na uku shi ne mai daraja, watau akwai wani tunani da ya hana. An ce mace ta leƙa gidan suna, ba ta je ba, don ranta ya ce in ta shiga kowa zai dube ta ya tuna ita ba ta haihu ba. To, ga ainihin ciwon ya fito, rashin yin aikin ya fi yinsa amfani. Sai a rage shi: ta fara da gaishe da maƙwabciya guda, ta lura da abin da ya faru.

6. Sa'ad da tunanin gaskiya ne

A 2022 ambaliya ta cinye gonaki da gidaje da yawa a Jigawa. Manomin da ya ce hatsinsa ba zai kai shi baɗi ba, ba kuskuren tunani ya yi ba, lissafi ya yi. Wanda ya tsaya yi masa gardama ya zubar da mutuncin kansa. A nan sai a raba magana biyu. Rumbu ba kome, wannan gaskiya ce, maganinta shawara: a jera matsalolin, a ɗauki guda, a kawo hanyoyi, a zaɓi wadda za a fara gobe. Amma cewa ni ban cika namiji ba tun da na kasa ci da gida, wannan fassara ce, ita a ke aunawa. A tambaye shi, in wansa ruwa ya ci wa gona, haka zai ce masa?

Nan ne kuma maganar ƙaddara da haƙuri ke shigowa. Bai kamata ma'aikaci ya ja da imanin majinyaci ba, gama shi ne babban jigonsa. Sai dai ya taimake shi ya rarrabe haƙurin da ke sanyaya zuciya da haɗiyar da ke cin rai a ɓoye. Manomi ya yarda ruwa na Allah ne, amma bai taɓa fasa shuka saboda haka ba.

7. Iska, sammu da waswasi

Wani zai ce abin da ke damunsa iska ce, ko hannu aka sa masa. Musu ba ya kai ko'ina. Gwani ya kan ajiye bayani biyu gefe da gefe, ba tare da ya rushe ɗaya ba, ya ce a gwada: in faɗuwar gaban nan tana ƙaruwa sa'ad da ka zauna kai kaɗai kana sauraron ƙirjinka, tana kuma raguwa in kana aiki, wannan me ya nuna mana? Majinyaci da kansa zai yanke hukunci. Tun 1954, a Aro kusa da Abeokuta, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya saukar da majinyata a ƙauyuka tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Darasin yana nan: a jawo dangi da malamin unguwa a jiki, da izinin majinyaci.

Mai waswasi, wanda ke maimaita alwala har lokacin salla ya fita, maganinsa shi ne hanyar da Victor Meyer ya bayyana a Landan a 1966: ya yi alwala sau ɗaya, ya jure wa shakkar ba tare da ya sake ba, har ta kwanta don kanta. Ba zai yarda da wannan daga bakin ma'aikaci kaɗai ba, sai malamin da ya amince da shi ya tabbatar masa cewa malaman fiƙihu sun ce mai yawan shakka ya yi watsi da ita. Amma a roƙi malamin ya faɗa sau ɗaya tak, don yawan neman tabbaci shi ma wani reshe ne na ciwon.

8. Iyaka

Da damina manomi ba zai bar gona don zance ba, da rani kuwa samari sun tafi ci-rani. Saboda haka kowane zama a yi shi kamar shi ne na ƙarshe, majinyaci ya tashi da abu guda da zai iya yi da kansa.

Akwai kuma inda magana kaɗai ba ta isa. Mai jin muryoyi, da mai farfaɗiya, da wanda ya kwana da kwanaki ba barci yana ta surutu, likita za a kai su. Wanda ya ce ya gaji da duniya, a tambaye shi a fili, cikin ladabi, ko ya yi tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa mutum aikatawa, shirun ne ke da haɗari. In ya amsa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari daga ɗakinsa, a kai shi asibiti.

Ma'aikaci kansa ba ya tsira daga abin da ya ke magani. In ransa ya ce wannan matar ba ta son warkewa, ya auna wannan tunani kamar yadda ya ke auna na majinyaci, ya kuma kai maganar ga wanda ya fi shi sani.

9. Kammalawa

A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958. Doka ta buɗe hanya, amma ba za ta koya wa ungozomar Yalwan Damai bambancin "to" ta yarda da "to" ta ladabi ba. Wannan aikin masana harshe ne. Muna ba da shawara ɗaliban sashen Hausa su tattara kalmomin damuwa yadda a ke faɗinsu a Birnin Kudu da Gwaram, kamar zullumi da fargaba da ƙunci da ɓacin rai, su rarrabe ma'anoninsu daga bakin masu su, su miƙa wa kwalejojin koyon jinya. Wanda bai san sunan da maras lafiya ke kiran ciwonsa ba, da wuya ya san inda zai sa hannu.