Me Ya Sa Nesa Ke Zama Kusa a Tabarau na Kwamfuta?

Shirinmu na wannan mako ya taɓo wata na'ura mai kama da babban tabarau, irin su Meta Quest, wadda in ka ɗaura ta a fuska sai ka gan ka a wani wuri da kwamfuta ta ƙirƙiro. Ana amfani da ita wajen horar da matuƙa jirgin sama da direbobi da likitoci. To amma fa tana da matsala guda: tana rage nisa.

Ga yadda ake gwadawa. A nuna maka abu a ƙasa, a rufe maka ido, a ce taka ka je wurinsa. A fili na zahiri, in bai wuce mita 20 ba, galibi daf da shi za ka tsaya. Amma in a cikin tabarau ka gan shi, sai ka ja birki tun ba ka kai ba. A 2013 wasu masana a Jamus sun tattara gwaje-gwaje masu yawa, suka ga mutane na kimanta kusan kashi 74 cikin 100 ne na nisan. Wato mita 10, ido ya ce bakwai da 'yan kai.

Me ke jawo haka? Kai makiyayi ka san yadda kake gane nisan garke: girman saniya da ka saba gani, yadda ciyawa ke ƙanƙancewa can gaba, da ƙasar da ta shimfiɗu tun daga ƙafarka har wurin. Shi kuwa tabarau yana toshe gefe. Idanunka biyu na ɗaukar kusan digiri 200 daga dama zuwa hagu, shi kuma wajen 100, kamar mai leƙe ta taga. Ga nauyinsa a ka. Sannan gilashin ciki yana tsayar da ido a tazara ɗaya, ko abin na kusa ne ko na nesa.

Da sauƙi dai: in mutum ya ɗan zagaya a ciki, yana taka ƙafa har ya iske abubuwan, kimantawarsa takan gyaru. Sababbin na'urori masu faɗin gani ma sun rage kuskuren, amma ba su kawar da shi ba.

Saboda haka, in ɗanka ya koyi tuƙi a cikin tabarau, kada ka miƙa masa mota da kaya sai ya gwada idonsa a kan hanya tare da gogaggen direba. Allah Ya kiyaye hanya.